BABI NA UKU: HAƊA KAYAN TSABTACE GIDA DA MAN ƘAMSHIN TSIRRAI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an dubi matsayin tsabta a gidan Bahaushe da irin ɗawainiyar da mata suke yi wajen kiyaye ta. A wannan babi kuwa za a yi bayani ne a kan wata al'ada da ta shigo gidajen birane daga baya, wato haɗa ruwan wanke-wanke da goge-goge a gida ta hanyar gama kayan da ake da su a madafa da 'yan ɗigo na man ƙamshin tsirrai. Masu yin wannan haɗi sukan kafa hujja da tsadar kayan kanti da kuma tsoron sinadaran da ke cikinsu, kuma duk hujjojin biyu abin dubawa ne. Sai dai abin da ya fi damun wannan nazari shi ne tantance aikin da man ƙamshin yake yi a cikin haɗin, da wanda ake jingina masa alhali ba shi yake yi ba. Dalili kuwa shi ne, uwargidan da ta ɗauka ta kashe ƙwayoyin cuta a makewayi saboda ta ji ƙamshin lemo yana tashi, tana iya sakin jiki a lokacin da bai kamata ba.

3.1 Ma'anar Man Ƙamshin Tsirrai

Kalmar "mai" a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa, tun daga man gyaɗa da man shanu har zuwa man fetur. Saboda haka ya zama wajibi a fara da rarrabewa. Abin da ake nufi da man ƙamshi a wannan nazari shi ne wani ruwa mai ƙarfin ƙamshi wanda tsiro yake tarawa a ganyensa ko furensa ko ɓawonsa ko saiwarsa, wanda kuma yake bin iska idan aka bar shi a buɗe. Wannan bin iska shi ne ya raba shi da man gyaɗa da man kaɗanya da man darbejiya da man zaitun, waɗanda maiƙo ne da ake matsowa daga 'ya'yan itace, ba sa tashi. Alal misali, idan aka ɗiga man gyaɗa a kan farar takarda, tabonsa zai zauna. Idan kuwa man ƙamshi ne tsantsa, mafi yawansu sukan bushe su bar takardar ba maiƙo. Da wannan ɗan gwaji ake iya gane wanda aka surka da man girki don a ƙara auki.

Hanyar da aka fi samo shi ita ce ta turara ganyen da tururin ruwa, tururin ya ɗebo man, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Wannan fasaha daɗaɗɗiya ce a ƙasashen Musulmi. A ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tace shi wanda ya ƙunshi haɗe-haɗe fiye da 100, kuma akan danganta inganta tace man fure ga Ibn Sina (980–1037). Man ɓawon lemo ne kawai akasari ba ya bukatar wuta, matse shi ake yi. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa ɓawon lemon zaƙi ya ga wani feshi ya fito ya shiga idonsa, to ya ga man ƙamshi.

Abin lura a nan shi ne yawan ganyen da ake bukata. Kilo 100 na ɗanyen ganyen ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, wadda wasu ke kira lemun-giras, ba ya ba da kilo guda na mai. Wannan shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma yake da ƙarfin da bai kamata a raina ba. Har ila yau, ya kamata a sani cewa yawancin turaren mai da ake aunawa a 'yan kwalabe a kasuwa haɗin masana'anta ne, an yi shi don ƙamshi kawai, ba a tato shi daga tsiron da aka sa masa sunansa ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tsirrai masu ƙamshi. Yana da jema da kajiji waɗanda ake sawa a turaren wuta da randar ruwa, yana da ɗoɗɗoya da na'ana'a, ga kanumfari da fatake suka daɗe suna kawowa. Haka kuma bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostireliya ne, an dasa ta da yawa a arewacin Nijeriya don kare kwararowar hamada. Abin da yake sabo shi ne sayen tataccen man a kwalba mai mililita 10 da zuba shi a ruwan shara.

3.2 Ginshiƙan Haɗin: Dangin Kanwa da Dangin Tsami

Idan aka duba kowane irin haɗi da ake yi a gida, za a tarar man ƙamshi shi ne mafi ƙaranci a ciki. Ainihin masu aikin su ne sabulu da wasu sinadarai da za a iya kasawa gida biyu. Masana suna auna su da ma'aunin pH wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, ruwa zalla yana tsakiya a kan 7. Abin da ya gaza 7 shi ne a nan aka kira dangin tsami, wanda ya haura kuwa dangin kanwa.

3.2.1 Dangin Kanwa

Wannan rukuni ya ƙunshi toka da kanwa da bekin soda, kuma aikinsu shi ne cin maiƙo. Tun kafin zuwan sabulun kanti, matan Hausawa suna wanke tukwane da toka da yashi da soso. Yashin yana kankara, tokar kuwa idan ta jiƙa takan saki wani gishiri mai kaifi wanda yake haɗuwa da maiƙon da ke jikin tukunya ya mayar da wani ɓangarensa sabulu nan take. Wato ke nan mai wanke-wanke da toka tana dafa ɗan sabulu ne a jikin tukunyar ba tare da ta sani ba. A kan wannan ka'ida ce aka gina sabulun salo: a ƙona karan dawa ko na gero ko ƙaiƙayi, a tsiyaye ruwan tokar, a dafa shi da man kaɗanya ko na gyaɗa ko kitse har ya kama. A ƙasar Yarbawa da Gana kuwa ɓawon koko da na ayaba ake ƙonawa. Sai a shekarar 1823 ne masanin Faransa Chevreul ya wallafa cikakken bayanin abin da ke faruwa tsakanin kitse da ruwan toka, amma masu sana'ar sun riga shi da aiki da ɗaruruwan shekaru.

Kanwa ita ma tsohuwar haja ce. Ana samo ta daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga da wasu kwaruruka na Jamhuriyar Nijar, kuma Lovejoy (1986) ya yi nazari mai zurfi a kan fataucinta. A wajen masana kimiyya, kanwa gamin gishiri biyu ce, ɗaya shi ne bekin soda ɗin da ake saya a kanti, ɗayan kuma ya fi shi kaifi. Bekin soda yana wajen 8 ne a ma'auni, don haka ba ya cin hannu. Ruwan toka mai kauri kuwa yakan haura 10, yana sa fata ta bushe ta tsage, yana kuma dusashe tukunyar alminiyam idan aka bar shi ya kwana a ciki.

3.2.2 Dangin Tsami

A nan ake samun lemon tsami da tsamiya da ruwan khal. Ruwan khal na girki yawanci kashi 5 cikin 100 ne na sinadarin tsami, sauran ruwa ne. Ba su da ƙarfi a kan maiƙo, amma suna narkar da farin dasashin da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari a bakin famfo da cikin buta, suna kuma fito da hasken tagulla. Abin da ya sa suke narkar da wannan dasashi shi ne dai yake sa su ci marmara da tarazo da daɓen siminti, domin duk asalinsu farar ƙasa ce. Gidan da aka daɗe ana goge tarazonsa da khal, a hankali ƙyallinsa zai mutu.

3.2.3 Sabulu

Sabulu shi ne mai sulhu tsakanin ruwa da mai. Kowane ƙwayar sabulu yana da kai biyu, ɗaya yana kama ruwa, ɗaya yana kama maiƙo. Idan aka cuɗa, sai ƙwayoyin su kewaye daudar su ɗauke ta, ɗauraya ta tafi da ita tare da ƙwayoyin cuta masu yawa da ke manne da ita. Ba kashe su duka yake yi ba, kawar da su yake yi, kuma a tsabtar yau da kullum wannan shi ne mafi girman aikin.

3.3 Yadda Ake Haɗawa

Ka'ida ta farko ita ce man ƙamshi ba ya narkewa a ruwa. Idan aka ɗiga shi a bokiti kai tsaye, sai ya yi ta yawo a sama, tsumman farko ya kwashe shi gaba ɗaya. Saboda haka ana fara cuɗa shi ne da sabulun ruwa, ko sabulun salo da aka jiƙa ya narke, kafin a zuba ruwa. Wasu sukan narkar da shi a sifirit, amma gidaje da yawa na Musulmi suna ƙyamar hakan, kuma sabulun ya wadatar.

Domin goge tayil ko leda, akan cuɗa ɗigo 10 zuwa 15 na man lemo ko na lemun-giras a cikin babban cokali guda na sabulun ruwa, a zuba a lita 5 na ruwan ɗumi. Domin kankare wurin wanke hannu ko murhun gas, akan kwaɓa rabin kofi na bekin soda da ɗan sabulu da ɗigo 5 na mai har ya yi kaurin kunu, a shafa, a bar shi 'yan mintoci, a goge. Tokar da aka tankaɗe da rariya mai laushi tana iya maye gurbin bekin soda a kan tukwanen ƙarfe, kuma ba a sayen ta. Domin madubi da famfo kuwa, khal ne da ruwa rabi da rabi, ba sabulu.

Akwai wata hanya da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, wadda ba ta bukatar sayen mai ko kaɗan. A tara ɓawon lemon zaƙi ko na lemon tsami a kwalba, a zuba khal ya sha kansa, a rufe a ajiye mako biyu, sannan a tace. Masu sayar da lemo a bakin titi kullum suna fere ɓawon su zubar, alhali mafi yawan man lemon yana cikin wannan fatar ta waje.

A cikin dukkan mayukan, na ɓawon lemo ne za a iya cewa yana taimakawa wajen wankin kansa. Kusan kashi 90 cikin 100 na man lemon zaƙi wani sinadari ne da ake kira limonin, wanda yake narkar da maiƙo da danƙo. Ɗigo biyu a tsumma suna cire gam ɗin takardar da ke manne a jikin kwalba ko ƙaron cingam. Amma wannan sai an sa shi da kauri a kan tabon. Idan ya watsu a bokiti, abin da ya rage nasa ƙamshi ne.

3.4 Kuskuren Gama Tsami da Kanwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba khal a kan bekin soda. Haɗin yakan yi kumfa ya tafasa, mai kallo ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Alhali kowace mace da ta taɓa yin miyar yakuwa ta san abin da ke faruwa: idan tsami ya yi yawa, kanwa ake jefawa, miyar ta taso da kumfa, tsamin ya mutu. To haka abin yake a kwalbar goge-goge. Tsamin ya kashe kanwar, kanwar ta kashe tsamin, abin da ya saura ruwa ne da wani gishiri maras kaifi, kumfar kuwa iska ce ta fice. Kirarin da ake yi wa kanwa na uwar gami bai yi aiki a nan ba. Idan kuma aka toshe kwalbar tun ana kumfa, tana iya fashewa.

Haka nan idan aka gama khal ko ruwan lemon tsami da sabulun salo, sabulun yakan tsinke ya koma gudaji-gudaji na maiƙo, domin tsamin ya warware abin da ruwan toka ya ƙulla. Wanda yake son amfanin duka biyun sai ya yi su bi da bi: ya wanke da sabulu, ya ɗauraye, sannan ya bi da khal.

3.5 Ƙamshi da Kashe Ƙwayoyin Cuta

Nan ne gizo yake saƙar. Gaskiya ne an tabbatar a ɗakunan gwaji cewa wasu mayukan ƙamshi suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Man kanumfari yana da sinadarin yujinol, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. Tun a shekarun 1920 masanin Ostireliya Arthur Penfold ya ba da rahoton ƙarfin man wata bishiyar ƙasarsu da 'yan kasuwa ke kira ti-tiri. A Amurka ma hukumar kare muhalli ta yi wa wasu magungunan goge-goge rajista waɗanda aka gina a kan sinadarin timol na tsiro. Sai dai waɗannan an auna su ne, an gwada su a kan ƙwayoyin cuta sanannu, an kuma ƙayyade mintocin da za su yi a jiƙe kafin a goge.

Lissafi kaɗan zai nuna tazarar da ke tsakani. Mililita guda ta mai tana ba da kimanin ɗigo 20. Idan aka sa ɗigo 20 a kwalbar feshi mai rabin lita, man ya zama kashi 0.2 cikin 100 ke nan. Idan kuwa ɗigo 15 ne a bokiti mai lita 5, bai kai kashi 0.02 ba. A gwaje-gwajen da aka yi da man ti-tiri, sau da yawa sai an kai kusan kashi 1 cikin 100 kafin a ga ya kashe ƙwayoyin da aka fi sani, wasu ma sun fi haka taurin kai. Kafin bokitin nan ya kai kashi 1, sai an juye masa mililita 50, wato kwalba biyar cur, a shara ɗaya. Babu gidan da zai yi haka, kuma da za a yi, warin ba zai bari a zauna a ɗakin ba. Hanci yana jin ƙamshi tun yana ɗan mitsitsi ƙwarai, nesa da adadin da zai dami ƙwayar cuta, saboda haka hanci ba shaida ba ne a wannan shari'a.

Wannan bambanci ba ya da wata illa a ranakun lafiya, tun da sabulu da ɗauraya sun isa. Inda yake zama batun rai da mutuwa shi ne lokacin annoba. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A irin wannan hali abin da ma'aikatan lafiya suke aiki da shi ruwan kulorin ne mai awo uku: kashi 0.05 cikin 100 don wanke hannu, kashi 0.2 don daɓe da gado da makewayi, kashi 2 kuma don amai da bayan-gidan maras lafiya. Idan bilic ɗin da aka saya mai ƙarfin kashi 3.5 ne, to awo ɗaya nasa a cikin awo 16 na ruwa shi ne zai ba da na goge daɓe. Babu wani haɗin lemo ko kanumfari na gida da zai tsaya a wannan matsayi.

3.6 Haɗurran da Ke Tattare da Haɗin

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa, sun manta cewa tunya da zaƙami ma tsirrai ne. Babban haɗari shi ne yara. Ƙaramin cokalin shayi guda na man bishiyar turare, wato mililita 5, ya isa ya sa yaro ƙarami suma ko jijjiga, kuma an samu yaran da hantarsu ta taɓu bayan sun sha man kanumfari. Abin da ke ƙara munin lamarin shi ne ƙamshin yana kama da na abin sha, sannan akan zuba haɗin a tsohuwar robar lemo ko ta ruwa. Irin wannan sakaci shi ne yake jawo yara su sha ruwan soda mai ƙuna a gidajen da ake haɗa sabulun ruwa, ya ƙone musu maƙogwaro. Idan hakan ta faru, al'adar ɗura wa yaro manja ko sa shi amai tana ƙara ɓarna ne, domin abin yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. Asibiti ake nufa, a tafi da kwalbar.

Na biyu shi ne gama bilic da khal ko ruwan lemon tsami da nufin ƙara masa ƙarfi ko kashe warinsa. Wannan gami yana sakin iskar kulorin, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915, kuma a ƙuntataccen banɗaki tana iya shaƙe mutum kafin ya kai ƙofa. Bilic ruwa kawai ake surka shi da shi.

Sauran matsalolin ba su kai waɗannan ba. Man lemo da ya daɗe yana shan iska da rana yakan juya ya riƙa sa ƙaiƙayi a fata, don haka ake ajiye shi a kwalbar gilashi mai duhu, a rufe, nesa da murhu, tun da yana kama wuta. Yana kuma cin wasu robobi. Mai ciwon fuka yana iya tashi da feshinsa, kyanwa ma hantarta ba ta iya sarrafa wasu daga cikin sinadaran. Daɗin daɗawa, haɗin da ruwa ya yi wa yawa ba ya da abin da zai hana shi ruɓa a zafin bazara, ya fi kyau a haɗa na 'yan kwanaki kawai.

3.7 Tsabta da Tsarki

Akwai wani ɓangare da littattafan da aka rubuta a Turai ba su damu da shi ba, amma yana da muhimmanci a gidan Bahaushe Musulmi, wato bambancin tsabta da tsarki. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantarwa a littattafan farko irin su Ishmawi da Risala, ba a gusar da hukuncin najasa sai da ruwa zalla wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canja da wani abu da aka zuba masa ba. Ruwan da aka cuɗa da sabulu da khal da man lemo har ya canja, mai tsarki ne a kan kansa, ana iya aikin gida da shi, amma ba ya tsarkake wani abu. Bisa ga haka, idan yaro ya yi fitsari a tayil ɗin da ake shimfiɗa darduma, goge wurin da ruwan ƙamshi zai kawar da zarni, amma hukuncin najasar yana nan sai an bi shi da ruwa zalla. Matan da suka yi karatun islamiyya sukan fara wankewa da haɗin, su ɗauraye da farin ruwa, sannan idan ana bukatar ƙamshi a kunna turaren wuta.